Makahon Kwabon Goggo Dije

Kuɗin zamanin nan ba su da murya. Na faɗi haka a majalisarmu ta gindin bedi, yara suka yi ta dariya, wai tsufa ya fara taɓa wa Kawu kai. To, ku yi dariyarku. Ni dai na san lokacin da mutum ke tafiya aljihunsa na yi masa kiɗa, ana jin zuwan mai hali tun bai shigo lungu ba, matsiyaci kuma ya zuba tsakuwa da 'yan ƙusoshi a aljihu don kada 'yan mata su raina shi. Yau kuwa sai ka ga ƙato a kara, kasuwar dabbobi, ya danna waya, ta ɗan yi tsuwa kamar ɗan tsako, wai an biya shi kuɗin bijimi ke nan. Ba ka ji komai ba, ba ka ga komai ba, bijimi ya hau mota ya nufi Kudu. Ni ba malamin boko ba ne. Na shiga elementare, na iya baƙi da wasali, na iya sau biyu har zuwa inda ya fara wuya, sai mahaifina ya lura cewa gero bai san ina makaranta ba, ya janye ni. In kun ga rubutun nan yana ɗingishi ku yi haƙuri da shi. Abin da ya sa na ɗauki biro ya fi ƙarfin kunyata.

A ƙauyenmu, nan tsakanin Daura da Sandamu, kwabon da muka tashi muka gani mai huji ne a tsakiya. Haka ɗari, wato rabin kwabo, haka anini. Mu ba ma cewa huji, ido muke cewa. Mata kan zura su a zare kamar tsakiyar ado, su ɗaura a ƙugu ƙarƙashin zane, shi ya sa in uwarka ta sunkuya tana tankaɗe sai ka ji ɗan ƙaras-ƙaras, ka san yau akwai ƙosai. Matan Fulani masu kawo nono suna kitsa su a gashi. Mu yara kuwa in kwabo ya yi kuskuren faɗowa hannunmu, kafin mu kashe shi sai mun ɗora shi a ido mun leƙa duniya ta ciki: ga rumbu, ga jakin maƙwabci, ga kakarka tana zaginka, duk sun shige cikin ɗan rami guda. Sisi da sule ba su da ido, amma su manya ne, ba a yi su don hannun irinmu ba, sai dai mu hango su ranar biyan haraji suna wucewa.

Wata ranar kasuwar Daura na bi mahaifina da tumaki. Ina nan tsaye a kara, wani baƙo mai rawani, da alama daga wajen Damagaram ya fito, ya ba ni igiyar ragonsa in riƙe masa ya je ya yi alwala. Da ya dawo ya sa mini abu a tafin hannu, ya naɗe yatsuna a kai, ya ja ragonsa ya shige cikin mutane. Na buɗe hannu. Kwabo ne, ga tauraronsa, ga rubutun Nasara, ga na Larabci, amma inda ido ya kamata ya kasance a shafe yake sumul, kamar goshin jariri. Ban damu ba, na ruga wurin mai ƙosai. Ta karɓa, ta juya shi, ta nemi inda za ta zura zare ta rasa, sai ta cillo mini shi kamar ya ƙone ta.

"Kai ɗan nan, wa ya ba ka makahon kwabo? Ɗauke abinka daga gaban kaskona!"

Mai rake ya ƙi. Mai alewa ya ƙi, har da tofar da yawu. Na koma gida da yunwata da dukiyata.

Kafin magariba labari ya gama gari. Tsofaffin mata suka ce ai sananne ne, mutanen ɓoye suna cin kasuwa tare da mu, kuma kuɗinsu ba ya da ido don kada ya ga hanyar komawa wurin bil'adama. Liman ya juya shi a hannu, ya karanta Larabcin, ya ce shi bai ga haram a jiki ba, amma bai ce in bar masa shi ya kwana a gidansa ba. Mahaifina ya kai shi maƙera ya ce a huda shi kowa ya huta. Tsohon maƙerinmu ya ajiye guduma ya ce, "Ni in huda kuɗin Nasara? Gobe ɗan doka ya zo ya ce wa ya ba ni izinin gyara aikin Sarkin Ingila, in ce masa wa? Ku kai shi inda aka makantar da shi." Innata ta ce kada ya kwana mata a gida. Na ce na jefa shi a kududdufi. Ƙarya nake. Na tura shi cikin wata tsaga a gindin rumbu, kullum in na je ɗebo wa awaki ƙaiƙayi sai na sa yatsa na taɓa shi, gabana na faɗuwa, ina jin daɗi.

A shekarar ne Innata ta haifi ƙanena Audu. Kafin shi ta binne 'ya'ya a jere, ba wanda ya kai yaye, har an fara kiranta da sunan da ba na son rubutawa. Audu ya zo da ƙoshinsa, amma bayan cibiya ta faɗi sai wurin ya kumburo, in ya yi kuka ya yi tsini kamar ƙwan zabuwa. Kuma kukan ba ya ƙarewa. Har yau in na rufe ido ina jin gidan nan: tafasar ruwan jego a babbar tukunya, ƙamshin kunun kanwa, hayaƙin itacen ƙirya, da kukan yaron nan yana ratsa zana, Innata kuma ta yi shiru irin shirun wadda ta riga ta san hanyar da ake bi. Aka aika aka kira Goggo Dije, yayar mahaifina, ita ce ungozomar garin. Doguwa ce, baƙa, haƙoranta ja da fure, ba ta iya magana a hankali ba ko a gidan mutuwa. Ta duba cibiyar ta ce a ba ta kwabo ta ɗaure. Sai kuma ta yi tsaki ta ce ita abin da ke ɓata mata aiki ke nan, kwabo mai ido in an ɗaura sai nama ya bi ta cikin idon ya leƙo, ta sha toshe shi da kakin zuma yana narkewa, sisi kuwa ya yi ƙanƙanta. "Da Nasara na da hankali," in ji ta, "da ya yi mana guda marar ido."

Ban san lokacin da na je gindin rumbu na dawo ba. Na miƙa mata. Innata ta ɗaga kai ta gan shi, ta ce, "Yaya, kada ki sa wa ɗana kuɗin aljanu." Goggo Dije ta ce, "Aljanun da suka ga dama su zo su same ni, ina da magana da su tun tuni." Ta jefa shi cikin ruwan jego yana tafasa, ta tsamo da ludayi, ta bari ya huce, ta naɗe shi a ƙyallen saƙi, ta ɗora a cibiyar Audu ta ɗaure da tsumma. Ko gajiya ce, ko ɗumin ƙarfen ne, Allah ne masani, yaron ya yi ajiyar zuciya ya yi barci. Kafin ya fara rarrafe cibiya ta koma. Audu yana nan da ransa a Zango, ya tara jikoki, ya fi ni tumbi, kuma bai taɓa yi mini godiya ba.

Wata ma'aikaciyar asibiti, jikar abokina, ta ce mini duk wannan aikin banza ne, irin cibiyar nan da kanta take komawa, ɗaura ƙarfe ma yana iya jawo ƙwayar cuta, su yanzu hana shi suke yi. Na ce mata na yarda, ita ta yi karatu har ƙarshe. Amma a zamanin da nake faɗa babu ita, babu asibitinta, akwai Goggo Dije da kwabo guda, da uwar da take buƙatar ta ga an yi wani abu.

Daga ranar makahon kwabo ya sami sana'a. Kuɗin da ya kasa sayen ƙosai ya shiga kusan kowane ɗaki a garin nan. A zo a ara, a yi wata da watanni da shi, a dawo da shi da 'yar ƙwaryar gero ko da hannu sake, duk ɗaya ne wurin Goggo. Daga rugage ake zuwa da sanda a kafaɗa a tsaya a ƙofar gida a ce an zo aron makaho. Ba a taɓa rubuta wanda ya karɓa ba, bai kuma taɓa ɓata ba, don wa zai saci abin da ko mai alewa ba ya karɓa? Da aka yi canjin kuɗi, naira ta zo, 'yan'uwansa masu ido suka zama tarkace, kafintoci suka riƙa saye da kwano-kwano suna sa su a ƙarƙashin kan ƙusa in suna rufin kwano don kada ruwa ya bi. Shi kuwa ko a jikinsa, da ma ba a taɓa lissafa shi cikin kuɗi ba. Na tuna wata rana ina tsokanar Goggo, na ce ta dawo mini da dukiyata in yi jari. Ta daina dariya ta dube ni, abin da ba ta saba ba. Ta ce, "Kai ɗan boko rabi, saurara. Abin nan yana zaune lafiya a garin nan ne don kowa ya yarda ba kuɗi ba ne. Duk ranar da wani ya zo ya ce muku kuɗi ne, ku kwana da shiri." Na ɗauka irin maganar tsofaffi ce da suke yi don su hana yaro sakewa.

Goggo Dije ta rasu da damina, gero ya kai gwiwa. Ina cikin waɗanda suka haƙa, ni na shiga na karɓe ta, mu muka jera itace muka yi yaɓe, muka kifa fasasshiyar tukunya wajen kai. A tsohuwar maƙabarta ne, bayan kukoki, wadda aka daina binnewa tun da daɗewa. Yau in ka je ba ka ganin tudu ko ɗaya, ruwa ya baje komai, sai sabara da tumfafiya. Waɗanda muka yi aikin nan tare duk sun bi ta, saura ni. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa. Kwabo kuma ya koma hannun 'yarta Tabawa, taubashiyata, wadda tun muna tsirara nake kiranta baiwata tana kirana ubangidan tsiya. Ta gaji aikin uwarta har zuwa lokacin da mata suka koma haihuwa a asibiti. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta mata suna gidajensu, tana zaune a tsohon ɗakinta na ƙasa, ɗanta Lawali mai acaba da iyalinsa suna sashen gaba. Jifa-jifa dai har yanzu wata kaka kan saci jiki ta zo aron makaho ba tare da surukarta 'yar boko ta sani ba.

To, sai ga masu saye. Da fari tsofaffin kekunan ɗinki suke nema, sai dutsen guga na gawayi, sai aka wayi gari tsofaffin kuɗi. Wani mai farin tabarau daga Kano ya riƙa shimfiɗa darduma a gefen kasuwar Daura, da ɗan faranti da gilashin da ke ƙara girman abu. Na je da kaina na tsuguna, don ni ba a ba ni labari. Mutum ne mai sanyin murya, irin sanyin da ba ya kwantar da hankali. Ya ce a ƙasashen Turawa da na Larabawa akwai masu kuɗin da ba su da aiki sai tara tsofaffin kuɗi a akwatin gilashi, kuma ba lafiyayyun suke so ba, waɗannan sun yi yawa. Masu aibi ake nema. Ya nuna mini a waya: ga wanda idonsa ya karkace gefe, ga wanda aka buga wa hatimi sau biyu rubutu ya hau rubutu, ga wani anini marar nauyi kamar ɓawon gyaɗa, wai na gwaji ne, an buga kaɗan aka ga bai yi ba aka fasa. Sannan ya shafa waya ya ce ga babbansu, wanda ya kuɓuce wa injin huji ya fito ba ido. Na ce, "Ikon Allah. Ni da na yi kuskure a elementare bulala na sha. Bature ya yi nasa, jikokinsa na bin sa da kuɗi." Ya yi murmushi, bai yi dariya ba. Ya ce, "Baba, ka taɓa ganin irinsa?" Na ce ni ko mai idon ma ban cika gani ba, talaka ne ni tun asali. Na tashi na kama hanyar gida.

Amma abin da rabin gari suka kwana da shi a ciki ba ya ɓoyuwa. Ban san wanda ya kai labari ba, kuma ba na zargin kowa, don kowa ya sani. Mai tabarau bai taɓa faɗin farashi ba, wannan ita ce gwanintarsa. Mutane suka faɗa masa. Ran nan aka ce makaho zai sayi sabon babur. Kafin wata kasuwar ya zama mota. Da ya biyo ta wurin masu shayi ya zama gida a Kano da kujerar Makka biyu. Samari suka bi tsofaffin rufin kwano suna zare ƙusoshi suna duba kwabban da ke ƙarƙashi ko akwai mai karkataccen ido, ba sa mayarwa. Hadarin farko na bana ya ɗauke rufin tsohon kantin bakin kasuwarmu ɗungurungum ya kifa shi a gonar mutane. Allah ya kiyaye ba kowa a ƙasa. Aka ce iska ce.

Gaisuwar da ake yi wa Tabawa ta canja. Waɗanda suka shekara ba su leƙa ta ba suka fara zuwa da goro, suna zaune idonsu na yawo a kan jeren kwanoninta. Wani ya ce ai shi ma a cibiyarsa aka ɗaura, yana da haƙƙi. Wani ya ce kakarsa ce ta ba da ƙyallen da aka fara naɗe shi. Baƙin babura suka riƙa tsayawa a bakin lungu, ba sa sauke kowa, ba sa ɗaukar kowa. Lawali kuwa, yaron da na sani da fara'a, mai raha da fasinja, ya daina zama majalisa. Babur ɗin da yake ja ba nasa ba ne, ga 'ya'ya, ga tsadar mai, ban ce ba shi da dalili ba. Matarsa ta ce wa matata ba ya barci, sai ya zauna yana kallon ƙofar uwarsa.

Wata Laraba da hantsi Tabawa ta tafi suna unguwar gabas. Da ta dawo bayan azahar ta tarar an tone daɓen ɗakinta tun daga bakin ƙofa har ƙarƙashin gado, an farke katifa, an juye tukwanen da uwarta ta bar mata, an fasa biyu. Kwaɗon ƙofar kuwa lafiyarsa lau, da makulli aka buɗe, aka kuma mayar aka rufe. Ba ta yi kururuwa ba. Ta yafa mayafi ta zo zaurena, ta zauna a ƙasa.

Na ce, "Baiwata, yau kuma wace tsiya kika kawo wa ubangidanki?"

Ta ce, "Tsiyar da ka kawo mana daga kasuwar Daura ce ta girma." Ta gaya mini abin da ta tarar. Na tambaye ta wa ke da makulli bayan ita. Ta dubi bango ta ce, "Ban zo ka tambaye ni wannan ba."

"Sun samu?"

Ta taɓa ƙugunta. Yana cikin lalitarta, inda uwarta ke ajiye shi. Ta ce, "Yau ɗaki aka tona. In an gama da ɗaki ni ce saura."

Na ce ta sayar mana, ta huta, ta ba yaron ya sayi babur ɗinsa. Ta ce, "Kai da rabin bokonka. In na sayar aka ba ni kuɗin babur, wa zai yarda ba kuɗin gida aka ba ni na ɓoye ba? Duk wanda ya taɓa kwana da shi a ciki zai zo karɓar rabonsa, na ƙauye da na ruga. Yanzu abu guda suke nema a jikina, ran nan kuwa ba su san iyakar abin da za su nema ba." Na ce ta kai wa mai gari ajiya. Ta ce shi ma ɗakinsa daɓen ƙasa ne. Na ce a jefa shi rijiya kowa ya gani. Ta ce, "Sai su bi shi, rijiyar ta rufta da 'ya'yan mutane, a rasa ruwan sha, a ce Tabawa ce." Can ta ce, "Ranar Juma'a in an sauko, ka sa babbar rigarka ka raka ni. Ka aika wa mai tabarau ya zo. Lawali ni zan gaya masa."

Na ɗauka ta sauko ne za ta sayar a gaban shaidu. Haka kowa ya ɗauka. Da aka sauko daga masallaci rabin gari ya biyo mu, amma maimakon ta nufi ƙofar mai gari sai ta karkata maƙera. Jikan tsohon maƙerin nan ne a wurin yanzu, rabin aikinsa walda, amma bai yar da uwar maƙera ta kakansa ba. Mai tabarau ya iso a bayan babur ɗin Lawali. Tabawa ta kwance lalita ta ciro ƙyalle, ta warware. Na daɗe ban gan shi a rana ba. Ya yi baƙi-baƙi, tauraron ya kusa shafewa, cikin jarirai ya cinye rubutun Sarkin Ingila. Ta miƙa wa baƙon ta ce, "Duba da kyau, ɗana. Shi ne?" Ya sa gilashi, ya juya, ya ɗora a ɗan sikeli, ya sake juyawa yana neman alamar toshi. Ya ce, "Hajiya, shi ne. Ba a taɓa huda shi ba."

"Ka faɗa da ƙarfi, na baya ba su ji ba."

Ya faɗa da ƙarfi. Lawali yana murmushi, rabon da in ga haƙoransa tun kafin azumi. Ta miƙa hannu, baƙon ya mayar mata yana shirin buɗe jaka. Sai ta juya ta ɗora kwabon a kan uwar maƙera ta ce wa maƙerin, "Kakanka ya ji tsoron Nasara. Nasara ya tafi. Buɗe masa ido."

Yaron ya dube ni. Na gyara babbar riga na ɗaga masa kai, don ban san me zan yi ba in ba haka ba. Lawali ya ce, "Inna!" Ya yunƙuro, mutum biyu suka riƙe shi. Maƙeri ya kafa matsoki a tsakiya, ya ɗaga guduma. Na ce muku kuɗin da suna da murya. Ban taɓa jin ta kamar ranar ba. Ƙara ɗaya ce, siririya, ta daɗe tana yawo a cikin rumfar kafin ta mutu.

Tabawa ta ɗauka da zafinsa, ta hura, ta ɗora a ido kamar yadda muke yi muna yara, ta leƙa ɗanta ta ciki. Ta ce, "Ga ka nan, Lawali. Da can ban gan ka ba." Ta zura shi a zare ta rataya a wuya, a waje, inda kowa zai gani. Ta ce duk mai son kwabo mai ido ya zo ta ba shi kyauta. Ba wanda ya motsa. Mai tabarau ya nannaɗe gilashinsa a hankali, ba fushi a fuskarsa ko kaɗan, wannan ne ya fi ba ni tsoro. Da zai hau babur ya ce, kamar da kansa yake magana, amma yadda na kusa za su ji, "Asara. Sai dai irin wannan ba ya fitowa shi kaɗai. In inji ya tsallake ɗaya, yakan tsallake ɗan'uwansa."

Na koma gida ina cewa an gama. Na ma tsokane ta a hanya, na ce baiwa ta ƙone wa ubangidanta gida a Kano, sai ta biya. Ta yi dariya, ta kwana a ɗakinta, aka sake yi mata daɓe, baƙin babura suka daina tsayawa a lungu. Ita dai ta sami abin da ta nema, ba wanda ya ƙara kallon ƙugunta.

Amma maganar baƙon nan ba ta bi shi Kano ba, a nan ta zauna ta yi saiwa. Aka fara cewa babu macen da za ta huda gida da mota tana dariya sai in tana da wani. Aka ce da ma biyu ne, mai rawanin nan biyu ya ba ni. Ni da aka ba, na rantse guda ne, aka ce Kawu ya tsufa. Da aka ga an tone ɗakin Tabawa ba a sami komai ba, sai labari ya sake hanya: ai Goggo Dije ba za ta saki na ainihin ba, da shi aka binne ta, a cikin lalitarta. Na ce jama'a, ku ji tsoron Allah, wa ya taɓa binne Musulmi da wani abu bayan likkafani? Liman ma ya yi huɗuba a kai. Aka saurara, aka ce amin, aka fito ana ƙus-ƙus. Wani makiyayi ya ce mini ya ga sawun babur a bayan kukoki, inda ba hanya, ba gona.

Shekaranjiya da la'asar ina zaure ina gyaran carbi, Lawali ya yi sallama. Ya cire takalmi tun daga waje, ya tsuguna har ƙasa, ya ajiye mini goro fari manya a gabana, irin wanda ban taɓa ganin ya saya wa uwarsa ba. Ya tambayi ƙafata, ya tambayi Kawu Audu na Zango. Ya rame, idanunsa sun faɗa. Ta ƙofar zaure ina hango babur ɗinsa, an ɗaure wani dogon abu a baya cikin buhu, bakinsa mai faɗi irin na shebur.

Ya ce, "Kawu, na yi mafarkin Kaka. Ina so in je in yi mata addu'a a kanta. An ce kai ka sa ta. Ta wane gefen kukokin take?"

Na ɗauki goro ɗaya na fasa, na daɗe ina taunawa. Na ce, "Ɗana, ni da aka kora daga elementare saboda mantuwa? Jiya ma sai da na nemi hulata gari guda tana kaina. Addu'a kuwa ba ta ɓata hanya, yi mata daga nan, za ta same ta."

Ya yi 'yar dariya don ladabi. Ya ce, "Ba komai, Kawu. In ka tuna." Ya tashi, ya bar mini goron.

Ban manta ba. Ina iya zuwa wurin da idona a rufe, in taka daidai inda kanta yake. Tun rasuwarta ban taɓa bari Juma'a ta wuce ban je na tsaya mata ba, ko da ruwa ake. Jiya Juma'a ce. Na sa riga, na ɗauki sanda, na kai bakin lungu, sai na hangi wasu samari zaune a kan katangar makaranta, ba sa hira, suna kallon ƙafafuna su ga inda zan nufa. Na juya na shiga wurin mai shayi, na ce ya haɗa mini mai kauri, na zauna ina ba su labarin yadda kuɗi ke da murya a zamaninmu, suna dariya.